Sana'ar saƙa da renon yara: Yadda za ki riƙe biyun kada ɗaya ya kayar da ɗaya

Uwargida, in kin taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba, kin san cewa rigar sanyi a garin ba kwalliya ba ce. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma da asuba yaro ba ya fita makaranta sai da suwaita, jariri kuwa sai da hula da safa. Haka abin yake a Gembu da ke tsaunin Mambila. Ko a Abuja da Legas, sanyin damina kan sa iyaye neman kayan saƙa. Ke nan kasuwa tana nan.

Amma sau nawa kika shiga gidan wata 'yar'uwa kika hangi injin saƙa a ƙarƙashin gado ya yi ƙura? In kin tambaya, da wuya a ce miki ba a iya saƙar ba. Abin da za ki ji shi ne jari ya narke a cefane, ko an yi haihuwa aiki ya tsaya, ko ciwon baya ya hana zama. Sana'ar saƙa tana ɗorewa ne a hannun matar da ta auna ta daidai da gidanta, da lokacinta, da ƙarfin jikinta.

Ki san zaren da kike sayarwa

A kasuwa kowane zaren saƙa ulu ake ce masa, alhali iri biyu ne. Ulu na ainihi gashin tumaki ne, irin su Merino da ake kiwo da yawa a Ostareliya. Tumakinmu na gida, wato Balami da Uda da 'Yankasa, gashinsu gajere ne, ba a samun ulu a jikinsu. Saboda haka ulu na ainihi daga waje yake zuwa, kuma farashinsa yana bin dala. Mafi yawan wanda ke kasuwanninmu zaren akirilik ne, wanda ake sarrafawa daga sinadaran man fetur.

Gane su ba wuya. Ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana, nesa da yara. Ulu na ainihi zai yi ƙaurin gashi ya bar toka mai murmushewa. Akirilik zai narke ya dunƙule kamar leda. Kowanne da amfaninsa: ulu ya fi riƙe ɗumi, amma yana tsukewa in an wanke shi da ruwan zafi, kuma asu yana cin sa. Akirilik ya fi araha, ya fi jure wanki, shi ya sa ya dace da kayan makaranta. Ki gaya wa mai saye gaskiyar abin da kika yi amfani da shi, tare da yadda za ta wanke. Kwastomar da rigarta ta tsuke a wankin farko ba ta dawowa.

In za ki yi aiki mai yawa launi ɗaya, ki sayi zaren gaba ɗaya, ki duba lambar rini da ke jikin takardarsa. Launi ɗaya daga rini daban-daban yakan sha bamban, kuma sai an haɗa rigar ake gani.

Kasuwar tana da lokaci

Babban kuskuren sabuwar mai saƙa shi ne ta jira sai sanyi ya shigo sannan ta fara. A lokacin kowa na neman zare, ke kuma kina kwana a kan inji. Tun ran gini ake zane. Makarantu suna buɗe sabuwar shekara a watan Satumba, don haka maganar suwaitar 'yan makaranta tun Yuni ko Yuli ake ƙulla ta da masu makarantar. Kayan hunturu kuwa daga Satumba zuwa Nuwamba ake tara su.

Daga Maris zuwa Mayu zafi ne, ciniki yana kwanciya. Wannan ne lokacin duba inji, da koyon sabon zane, da saƙa ƙananan abubuwa da kwarashi, kamar jaka da shimfiɗar tebur. Kayan jarirai ne kaɗai ba su da lokaci, domin haihuwa da suna ba sa yankewa.

Kada ki yi gasar araha da 'yan gwanjo. Dilar da ake kwancewa a Ƙofar Wambai a Kano ko Katanguwa a Legas za ta fi ki sauƙin farashi kullum. Abin da gwanjo ba zai iya ba shi ne awo daidai jikin yaro, da launin makaranta, da sunan jariri a jikin shawul. Nan kasuwarki take.

Kuɗin sana'a daban, na cefane daban

Ki nemi ƙaramin sikeli. Duk rigar da kika gama ki auna ta, ki san zaren da ta ci. Ki haɗa kuɗin zaren da na maɓalli da leda da kuɗin mota zuwa kasuwa, sannan ki sa wa awoyin da kika zauna kuɗi. Mata da yawa suna mance wannan na ƙarshe, sai su ga ciniki na tafiya amma hannu babu komai.

Ki karɓi kafin alƙalami wanda zai isa sayen zaren, ko da daga 'yar'uwarki ce. Bashin dangi ya fi kowane bashi wuyar karɓa, kuma yana ɓata zumunci. Ki ware asusu ko akwatin sana'a, ki yanka wa kanki albashi a ƙarshen wata. Ranar da kika ari kuɗin zare kika sayi kayan miya, ki rubuta, ki mayar. Yana da kyau ku zauna da maigida tun farko ku fahimci juna a kan wannan, don kada samun ki ya zama dalilin da za a sakar miki ɗawainiyar gida, jari ya tafi.

Game da inji, da rarrafe yaro kan tashi. Ki fara da tsinke ko kwarashi har sai oda ta fi ƙarfin hannunki. Yawancin injinan da ke yawo na hannu ne, kuma kamfanin Brother ya daɗe da daina ƙera nasa, don haka kafin ki biya ki tafi da wadda ta san aikin. Ta duba alluran, waɗanda a inji na yau da kullum guda 200 ne, ta duba sandar soso da ke danne su, sannan ki tabbatar akwai mai gyara a garinku.

Jikinki ma jari ne

Ki ƙidaya awoyin da kike da su da gaske: bayan yara sun tafi makaranta, da lokacin barcin jariri. Iya aikin da zai shiga cikinsu shi za ki karɓa, ki kuma ƙara kwana biyu ko uku a kan ranar da za ki ba mai kaya, domin zazzaɓin yaro ba ya sallama. Cewa "ba zan iya a wannan makon ba" ya fi saɓa alkawari.

Ki zauna a kujera mai jingina, ƙafafunki a ƙasa, a wuri mai haske. Duk bayan rabin awa ki miƙe ki motsa wuya da kafaɗa, ki kai dubanki nesa don ido ya huta. In yatsunki suka fara mutuwa ko tsikari, musamman da dare, ki rage aiki ki je asibiti. Mai ciki da mai jego sun fi fuskantar wannan. In haihuwa ta gabato, ki rufe karɓar oda da wuri, ki sanar da kwastomominki ba za ki dawo ba sai bayan arba'in. Yarinyar da kika koya wa aikin tun kafin lokacin ita za ta riƙe miki su.

Almakashi da allura da maɓallai su zauna a akwati mai murfi, a inda mai rarrafe ba zai kai ba. Manyan yara za su iya taya ki naɗe zare bayan sun gama aikin makaranta, amma kada sana'a ta ci karatunsu.

Kayan jariri amana ne

Jariri, musamman bakwaini, yana saurin rasa ɗumin jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗumin da ya dace da sabon haihuwa shi ne digiri 36.5 zuwa 37.5 a ma'aunin Salshiyas. Hula da safa suna taimakawa, amma saƙar da ba a kula ba tana iya cutarwa. Ki zaɓi zare mai laushi. Kada ki sa igiya a wuyan riga ko hula. Ki ɗinke maɓalli sosai, ki bar duwatsun ado, domin yaro na iya haɗiye su. Ki juya safa ki datse duk zaren da ke reto, saboda siririn zare na iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu.

Ki kuma shawarci uwar: ta sa rigar auduga a ciki kafin ta saƙa, kada shawul ya rufe fuskar jariri yana barci, kuma in ta taɓa bayan wuyansa ta ji gumi ta rage masa kaya.

A ƙarshe, kada ki zubar da ragowar zare. Guntaye suna zama safa da hula masu ratsi. Tsohuwar suwaita ana warware ta a wanke zaren a sake saƙawa, kuma gyaran hannun riga da ya zare aiki ne da ake biya. Uwar da kika gyara wa rigar ɗanta bana, ita za ta kawo miki odar ƙanensa baɗi. Allah Ya sa wa neman albarka.