Yadda A Ke Karanta Ma'aunan Sigina A Akwatin Talabijin Na Tauraron Ɗan Adam

Zuwa ga hakimai da malamansu.

An shirya wannan bayani ne don a rage asarar kuɗin da a ke yi a gundumomi. Sau da yawa hoto ya kan ɗauke, mai gyara ya zo ya ce dikoda ta lalace, a sayi sabuwa, alhali kuwa laifin na waya ne ko na faranti. Wanda ya iya karanta ma'aunai biyu da za a bayyana a nan ba za a zambace shi da sauƙi ba.

Tauraron da ke aiko da shirye-shirye yana can sama da tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786. Yana zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa a ke ganinsa kamar a tsaye ya ke. Kowane tauraro da mazauninsa. Nilesat yana digiri 7 yamma, Badr yana digiri 26 gabas, NigComSat-1R kuwa, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamba 2011, an ajiye shi a digiri 42.5 gabas. Saboda haka daga Kano mai neman Nilesat kudu maso yamma zai fuskantar da faranti, mai neman sauran kuwa gabas maso kudu.

Faranti shi ke tara sigina ya mayar da ita kan 'yar na'urar da ke gabansa, wadda masu gyara ke kira LNB. Ita kuma sai ta aika ta cikin waya zuwa dikoda. Dikodar ce ke ba ta wuta ta wannan wayar, bolt 13 ko 18.

In an danna rimot aka shiga shafin saitin sigina, za a ga sanduna biyu, kowace da lamba daga 0 zuwa 100. Ta farko ita ce ta ƙarfi, sunanta na Turanci da harafin S ya fara. Ta biyu ita ce ta inganci, nata sunan da Q ya fara.

Sandar ƙarfi tana auna yawan abin da ya iso ta waya ne kawai, ba ta rarrabe sigina da hayaniya. Misalinta kamar mutum ne a bakin kasuwa ran cinta: kunnensa cike da ƙara, amma bai san abin da kowa ke faɗi ba. Sandar inganci kuwa ita ke nuna ko dikoda ta fahimci saƙon, da yawan kuskuren da ke cikinsa. To, ita ce abar lura, domin da ita hoto ya ke fitowa.

Ga yadda za a fassara su:

1. Ƙarfi 0, inganci 0. Hanya ta yanke tsakanin dikoda da LNB. A duba waya da mahaɗanta, a kuma tabbata ba a kashe wutar LNB a saiti ba.

2. Ƙarfi da yawa, inganci 0. Waya lafiya lau. Watau ko iska ta juyar da faranti, ko yana kallon wani tauraro dabam, ko lambobin tashar da aka shigar ba daidai ba ne.

3. Ƙarfi da yawa, inganci kaɗan yana hawa da sauka. Hoto zai riƙa tsayawa yana farfashewa. Faranti ya ɗan goce, ko reshen itace ya tare shi, ko ruwa ya shiga mahaɗi, ko LNB tana bukatar a ɗan murɗa ta.

4. Wasu tashoshi na fitowa, wasu babu. A zargi LNB ko tsatsa a mahaɗi kafin a zargi dikoda.

Lalle ne a sani lambobin nan ba mudu ɗaya ba ne. Kowane kamfani da yadda ya ke lissafa nasa, don haka 60 a wata dikoda ta kan fi 80 a wata. Kada a gwada ta hakimi da ta maƙwabci, a gwada ta da kanta.

Akwai kuma ɗaukewar da ba ta bukatar gyara. Da damina hadari mai nauyi ya kan dusashe sigina, musamman a ƙananan faranti, ta komo da kanta in ya wuce. Haka nan wajen watan Maris da ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba rana ta kan bi ta bayan tauraro, hoto ya ɗauke na 'yan mintoci a kwanaki kaɗan. Kada a taɓa faranti a waɗannan lokatai.

Ana roƙon kowane malamin hakimi ya rubuta lambobin sandunan biyu a littafin ofis ran da aka kafa faranti, a lokacin da gari ya ke garau, tare da sunan tasha da kwanan wata. Kada a sallami mai kafawa sai an ga inganci ya kai iyakar abin da zai iya kaiwa, an kuma ɗaure kusoshi tam, domin ragowar nan ita ke riƙe hoto ran ruwa. A cire dikoda daga wuta kafin a kwance waya, kada kuma kowa ya hau rufi ana walƙiya.

Hakimai su sanar da dagatai da masu gidajen kallo wannan bayani.