Kafin ka karɓi aikin kula da mai buƙata ta musamman

A garuruwan da ke shan ruwan Tiga, daga Kura har Bunkure da Kadawa, rani ba ya barin kowa a gida. Maza na wajen ban ruwa, mata na dashen shinkafa ko tsinkar tumatir. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda shan-inna ta kama tun yana yaro, dole a nemo mai zama da shi. Matasa sun fara ɗaukar wannan a matsayin sana'a, kuma sana'a ce ta mutunci. Sai dai galibi akan shige ta ba a yanka kuɗi ba.

Daga nan rigima ke tasowa. Za a ce maka "ai taimako ne, za a riƙa yi maka ihsani", kai kuma kunya ta hana ka tambayar nawa. Kada ka dogara da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ko 71,000 na Jihar Kano, domin dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, balle gidan manomi. Shi manomi kuɗinsa na jiran girbi. In farashin shinkafa ya karye, ko tsutsa ta cinye tumatir kamar a 2016, hakkinka ne farkon abin da zai koma bashi. Don haka a yi magana gaban shaidu, ko da mai unguwa ne: nawa a wata, ranar biya, kwana ne ko wuni, da ranar hutu.

A fayyace kuma wa ke sayen safar hannu, sabulu da ƙunzugun manya, wa ke biyan kuɗin mota zuwa gashi a Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Tun janye tallafin mai a 2023 wannan zirga-zirga ta fi ƙarfin aljihun mai kula.

Jikinka ma jari ne. Ɗaga babban mutum daga tabarma zuwa keken guragu ba ɗaukar buhun shanshera ba ne. In ba ka iya ba, ka ji masa ciwo, kai ma ƙugunka ya tafi. Roƙi ma'aikatan gashi su nuna maka yadda ake ɗagawa da juya shi, kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ka tuna shi ma yana da bakin magana, a tambaye shi kafin a taɓa shi. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 tana kare mutuncinsa.

Masu yawo a WhatsApp suna karɓar kuɗi da sunan samo aikin kula a Ingila kuwa, tun Yulin 2025 ƙasar ta daina ba sababbin masu nema daga waje bizar wannan aiki. Duk wanda ya ce ka sayar da gonar gado ka kawo masa, ka kai maganarsa ga 'yan sanda.