Dandalin Tafawa Ɓalewa: Filin Sukuwar Da Ya Ga Ranar 'Yanci

Duk baƙon da ya sauka Ikko ya ratsa ta tsakiyar tsibirin, da wuya idonsa bai faɗa kan wata babbar ƙofa ba, wadda aka ɗora wa siffofin fararen dawaki huɗu sun yi tsaye da ƙafafun baya, da jajayen mikiya bakwai. To, nan ne Dandalin Tafawa Ɓalewa.

Da can filin sukuwa ne. Bayan Ingila ta karɓe Ikko a 1861, nan Turawa da attajiran gari suke tseren dawaki. Shi ya sa har yanzu wasu tsofaffin garin ba su san shi da wani suna ba sai Reskwas. A gefensa aka kafa makarantar King's College a 1909, tana nan har gobe.

Amma abin da ya ɗaukaka filin shi ne daren 30 ga Satumba 1960. Dubban jama'a suka yi cincirindo. Da ƙarfe goma sha biyun dare ya buga, sai aka sauke tutar Ingila, aka ɗaga kore-fari-kore, wuri ya ɗauke da sowa. Gimbiya Alexandra ita ta wakilci Sarauniya. Kashegari Firayim Minista Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi wa ƙasa jawabi a wannan fili. Ko shekara shida ba a cika ba aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966.

Gwamnatin Janar Gowon ce ta sake gina wurin a 1972, aka yi masa rumfunan kankare na zaman 'yan kallo. Ran 1 ga Oktoba 1979 kuma, a nan Janar Obasanjo ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki, bayan shekara 13 ƙasa tana hannun soja.

Tun da gwamnati ta tashi zuwa Abuja a Disamba 1991, manyan bukukuwan ƙasa suka bi ta. Yanzu haya ake ba da filin don baje kolin kasuwa, da taron addini, da wasan makaɗa, bakinsa kuwa tashar manyan motocin safa ce. Mutane na rububin shiga mota a gindin dawakin, da yawansu ba su ko ɗaga kai.