SANTSIN JIKIN MOTA: GUDUMA KE YINSA, BA FILA BA

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauci

Duk shekara idan Salla ta gabato, 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, da na unguwannin Sabo a Badun da Shagamu, sukan fara shirin zuwa gida. Burin da yawa daga cikinsu shi ne su shigo garinsu cikin motar kansu tana sheƙi. Wanda ba shi da halin sabuwa sai ya sayi tsohuwa da aka yi wa kwaskwarima, ko kuwa ya aiko da kuɗi a tayar masa da wadda mahaifinsa ya bari a zaure. Wannan bayani domin irin waɗannan mutane ne, gama a wajen gyaran jikin mota ne aka fi yi wa rogo kallon kitse.

Gwallameji unguwa ce a kan hanyar Dass, daura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Bauci cikin 1979. Unguwa ce ta ɗalibai da samari, kuma kamar sauran manyan titunan garin, ba a rasa masu walda da masu bugun jikin mota, watau fanal-bita, a gefen hanyar. Garin Bauci kuwa ba baƙo ba ne ga aikin mota, domin a nan ne aka kafa kamfanin Steyr cikin 1976, wanda ya yi zamani yana harhaɗa manyan motoci da taraktoci da haɗin gwiwar mutanen Ostiriya.

MOTAR TSERE A GIDANMU

Motar tsere irin ta Turai ba ta da yawa a ƙasar nan, amma akwai wadda kowa ya sani ba tare da ya san ta taɓa tsere ba, ita ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fito da ita a Faransa cikin 1968, sa'an nan masana'antar Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki cikin 1975, ta yi ta harhaɗa ta har shekaru da dama bayan Faransa ta daina. A 1975 ɗin nan Ove Andersson ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da ita. Tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu, 504 Coupé, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera jikinta tun daga 1969, kuma da ita Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari da na Bandama a ƙasar Kwaddebuwa cikin 1978. To, ko mai ƙofa biyu ce ko mai huɗu, ko kuwa tsohuwar Mercedes ko Toyota Celica ce, aikin jikinsu iri ɗaya ne.

ASKIN MOTA

Akwai wani salo da samari ke gani a waya suna sha'awa, wanda Amurkawa ke kira aski. Ma'anarsa a cire duk abin da ya turo a jikin mota: mariƙin ƙofa, da tambarin kamfani, da ƙarafan ado masu sheƙi, da eriya, wani lokaci har da indararon rufi, sa'an nan a toshe ramukan a daidaita wurin, har motar ta zama sumul kamar ƙwai. Salon ya samo asali ne a jihar Kalifoniya wajen shekarun 1940 zuwa 1950, inda 'yan'uwan nan biyu, Sam da George Barris, suka yi suna da yi wa motocin Mercury irin wannan aiki. A zamanin nan da narkakkiyar dalma ake cike ramuka. Daga baya, cikin shekarun 1950, aka samo fila, watau wani kwaɓi mai kama da tuwo wanda ake haɗawa da ɗan maganin daskarewa, ya bushe cikin 'yan mintoci. Fila ta sauƙaƙa aiki ƙwarai, ita ce kuma ta buɗe wa ha'inci ƙofa.

YADDA AIKIN GASKIYA YAKE

Gwanin fanal-bita ba ya fara taɓa gwangwanin fila. Da farko zai kankare tsohon fenti har sai farin ƙarfe ya bayyana, ya ga iyakar inda tsatsa ta ci. Wurin da ya ruɓe yanke shi ake yi a yar, a yanko sabon kwano daidai girman ramin kuma daidai kaurinsa, a liƙa da walda. Haka ake yi wa ramin da mariƙin ƙofa ko eriya ya bari.

A nan ake gane haƙurin ma'aikaci. Kwanon jikin mota bai kai kaurin milimita 1 ba a yawancin wurare, don haka idan aka ja masa wuta a tafi ɗaya, musamman wutar kabaid mai yaɗa zafi, sai ya lanƙwashe ya yi tudu da kwari. Gwani ɗigo-ɗigo yake yi, ya ɗiga nan, ya tsallaka can, ya bari ya huce, sa'an nan ya dawo. Bayan haka sai ya sa ƙaramar maƙera ta hannu a bayan kwanon, ya riƙa bi da guduma sannu a hankali, yana shafawa da tafin hannu, gama tafin hannu yana jin lotsawar da ido bai gani ba.

Sai ƙarfe ya koma kusan yadda aka ƙera shi ake kawo fila, ita ma shafe ce kawai. Kaurin da ake so bai wuce milimita 3 ba, kuma idan ya haura 6 aiki ya ɓaci. Maganin daskarewa kamar kashi 2 cikin 100 ake sawa. Daga nan a goge da samfefa mai kaushi, lamba 80, a bi da 180, a fesa fentin share fage, a sake gogewa da mai laushi kamar 400. Dole a naɗe samfefar a jikin dogon katako mai miƙe, domin yatsu kaɗai bin kwari suke yi, ba sa daidaita shi.

INDA AKE CUTA

Mai son gamawa da wuri ba ya bin wannan hanya. Zai cusa kwali ko ragar waya a bayan ramin, ya lafta fila kamar mai yaɓen ɗaki, ya goge, ya fesa fenti. Ranar da za a karɓi motar sai ta fi ta gwani ɗaukar ido, amma kyan ɗan maciji ne. Fila tana shan ruwa ta baya, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ɓoye, bayan damina ɗaya ko biyu sai ka ga fenti ya yi ƙuraje.

Ku mazauna kudu wannan ya fi shafa. Iskar Ikko da Fatakwal tana ɗauke da laima da gishirin teku, abin da ke cin ƙarƙashin ƙofofi da bakin taya da ƙasan but. Idan aka rufe wannan ɓarna da fila mai kauri, aka kuma ɗauko hanyar da ta fi kilomita 1,000 zuwa Bauci, girgizar ramukan titi za ta fara aikinta. Sa'an nan zafin watan Maris da Afrilu, wanda kan kai awo 40, zai sa ƙarfe da fila su buɗe ba daidai da juna ba, sai filar ta tsage, wani lokaci ta ɓantare ta faɗi gaba ɗaya.

Kafin ka biya kuɗi, tafi da ɗan maganaɗisu marar ƙarfi sosai a aljihu. Naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce mai kauri a wurin. Ƙwanƙwasa da yatsa, ƙarfe yana da amo, fila kuwa ba ta da shi. Duba motar da rana, ka tsuguna ka kalli gefenta daga fitilar gaba zuwa ta baya. Ɗaga dardumar ƙasa da ta but ka leƙa. Dillalin da ya hana ka yin haka ya riga ya ba ka amsa.

RAI YA FI ADO

Game da askin ƙofa kuwa, akwai abin lura babba. Motar da aka cire wa mariƙi da maɓallin lantarki ake buɗe ta. Idan batir ya mutu, ko haɗari ya tsinke waya, mutanen da suka rugo domin taimako ba su da abin kamawa su fito da na ciki. Duk wanda ya nace sai an yi masa, to lalle a bar masa ɓoyayyiyar waya ta ja da hannu. Fitilun sigina kuwa ba ado ba ne, kada a taɓa su. Wanda ya cire su ya jawo wa kansa magana da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa cikin 1988, ya kuma jefa na bayansa cikin hatsari. Har wa yau, masu neman tsofaffin motoci irin su 504 Coupé sun fi daraja wadda ke da kayanta na asali, saboda haka aski yana iya rage kuɗin mota maimakon ya ƙara.

Su ma yaran gareji suna da hakki a kan iyayen gidansu. Ƙurar fila da tururin fenti suna illa ga huhu, tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, wadda muka ga irin ɓarnar da ta yi wa yara a Jihar Zamfara cikin 2010. A saya musu abin rufe hanci na gaske, kuma kada a kunna wutar walda kusa da tankin mai.

Shawara ta ƙarshe ga mai aiko da kuɗi daga kudu ita ce, kada ya ba da aiki saura mako guda Salla, gama sauri ya haifi nawa. Ya guji fesa fenti a tsakiyar ƙurar hunturu. Ya kuma wakilta wani ɗan'uwa ya je ya ga motar tana farin ƙarfe, ya ɗauko masa hotonta kafin a shafa komai. Ma'aikaci na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kawo ku gida lafiya, amin.