Kafin Ka Biya Kuɗin Fili, Nemi Lauya

Yawancin masu sayen fili ko gida ba sa tunawa da lauya sai rigima ta kai gaban alƙali. Dillali ya nuna fuloti, a yi ciniki, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su dangwala, a ba da la'ada, kowa ya kama gabansa. Ana nan sai wani ya ɓullo da tasa takardar, ko magada su ce ba da yawunsu aka sayar ba, ko a wayi gari hukuma ta shafa jan fenti a katanga.

A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Mai riƙe da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da satifiket, izinin zama da amfani aka ba shi, galibi na shekara 99. In zai sayar ko ya jinginar, sai da amincewar gwamna. Sashe na 22 ne ya shardanta haka, na 26 kuma ya rushe cinikin da ya saɓa wa dokar. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke wata jingina saboda rashin wannan amincewa. In banki guda ya yi asara, ina ga mai tara kuɗin fuloti da gumin goshi?

Aikin lauya na farko shi ne bincike. Zai je ofishin rajistar filaye, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, ya duba fayil. Sunan wa ke ciki? An jinginar da filin a banki? Ana bin sa kuɗin ƙasa? Gwamnati ta soke izinin, ko ta tsara hanya ta bi ta kansa? In awon igiya ne, zai sa safiyo ya auna iyaka, ya kuma bi salsalar filin tun daga mai gonar asali. Saye ba tare da wannan ba cinikin biri a sama ne.

Gidan gado ya fi kowanne tarko. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata ko na marayu don kawai makulli na hannunsa. Lauya zai nemi shaidar rabon gado da sa hannun duk mai haƙƙi.

Daga nan sai ya rubuta yarjejeniyar mayar da mallaka, ya nemi amincewar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi rajista da sunanka.

Sai dai a kula. Ka ɗauki lauyanka na kanka, kada ka dogara da na mai sayarwa ko wanda dillali ya kawo. Ka tabbata hatiminsa na Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya na kan takardun. Ku daidaita kuɗin aikinsa tun farko, a rubuce. Ka biya ta banki domin shaida ta zauna. In mai fili ya matsa maka lamba cewa wani na tafe da kuɗi a hannu, ko ya hana lauyanka ganin takardun asali, ka riƙe kuɗinka, ka nemi wani filin.