Zubar Jini Bayan Haihuwa: Allura ko Ƙwaya?

Yau da mata masu ciki na ke magana, da mazajensu, da ungozomomin ƙasar Madobi da Kura da Bunkure.

Sa'ad da mabiyiya ta rabu da mahaifa, takan bar wuri kamar ɗanyen miki. Abin da ke tsai da jinin shi ne mahaifa ta dunƙule ta yi tauri. In ta saki, mace na iya zubad da rabin lita, watau cikin ledar fiya wata guda, ko fiye, kafin a ankara. Don haka a ke ba da magani da zarar jariri ya faɗo, tun jinin bai ɓalle ba.

Wanda ya fi duka shi ne allurar oksitosin, amma tana son sanyi. Ku manoman rani kun san yadda zafin bazara ke yi wa kwandon tumatir. To, tumatir in ya ruɓe ido na gani. Allurar nan kuwa sai ƙarfinta ya ragu, kwalbar tana nan garau. In firjin ɗakin magani ba ya samun wuta, ba a dogara da ita.

Akwai sabuwa mai jure zafi, kabetosin. An gwada ta a ƙasashe 10, har da Nijeriya, a 2018 aka ga ta yi kusan daidai da oksitosin wajen hana zubar jini. Tsohuwar allurar argometirin kuwa tana sa amai, kuma ba a yi wa mai hawan jini.

To, wadda naƙuda ta kama a gida da tsakar dare fa? Ita ce ta fi damuna. Nata maganin ƙwayar misofurostol ne, wadda Nijeriya ta amince da ita don wannan aiki tun 2006. Ba ruwanta da firji ko allura. Ƙwaya 3 a ke haɗiyewa gaba ɗaya, bayan jariri ya fito, an kuma shafa ciki an tabbata ba tagwaye ba ne. Ku saurara da kyau: kada a sha ta don gaggauta naƙuda. Mahaifa na iya fashewa, a rasa uwa da ɗa. Takan kawo rawar ɗari da zazzaɓi, amma sukan wuce. Ƙarfinta bai kai na allura mai kyau ba, don haka wadda ta sami halin zuwa asibiti, lalle ta zo.

In an sha, jini bai tsaya ba, zane na jiƙewa ana sake wani, kada a jira wai dattin ciki ne ke fita. A murza mara, a nemi mota nan take. A asibiti akwai allurar tiranizamik ta tsai da jini, amma sai an yi ta cikin awa 3 da haihuwa ta ke amfani. Maigida, ka shirya da mai mota tun ciki na wata 8.