Fayil ɗaya, hannaye goma: Yadda rumbun bayanan ofis ke lalacewa idan aka yi masa taron dangi

Da misalin ƙarfe goma na safiyar Litinin, a irin ofisoshin rajistar da ke ma'aikatun tarayya a Abuja, ana iya tarar da ma'aikata biyar ko shida sun buɗe fayil guda a lokaci ɗaya. Wannan na shigar da takardun da suka iso, wancan na gyara ranar ƙarin girman wani, wata kuma na buga jerin masu tafiya hutu domin kai wa darakta. Kwatsam sai a ɗauke wuta. Kafin janareta ya tashi, kwamfuta ɗaya ta mutu tana tsakiyar rubutu. Da aka sake kunnawa, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa ga kowa.

Sau da yawa irin wannan rumbun bayanai an gina shi ne da Microsoft Access, manhajar da ta fara fitowa a 1992. Galibi wani ma'aikaci mai hazaƙa, ko ɗan bautar ƙasa, ya ƙirƙire shi domin sauƙaƙa wa kansa aiki. Da aka ga amfaninsa, sai aka ɗora shi a foldar da kowa ke shiga, sashe guda ya dogara da shi, alhali mai shi ya daɗe da kama gabansa.

Tushen matsalar na cikin yadda manhajar ke aiki. A manyan tsare-tsare irin su IPPIS da ake biyan albashi da shi, akwai sabar da ke tsaye tsakanin ma'aikata da bayanai, ita ke karɓar buƙatar kowa, ita kaɗai ke rubutawa. A Access babu wannan mai gadin. Kowace kwamfuta na kai hannu kai-tsaye cikin fayil ɗin, ta karanta, ta rubuta. Abin da ke hana su karo da juna shi ne wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .laccdb, wanda ke bayyana da zarar mutum na farko ya shiga, yana riƙe da sunayen kwamfutocin da ke ciki, ya kuma ɓace idan na ƙarshe ya fita lafiya. Idan sadarwa ta yanke ana cikin rubutu, aikin kan tsaya rabi da rabi, ɓarnar kuma ta shafi kowa.

Akwai asarar da ba ta ƙara. Idan mutum biyu suka gyara bayanin ma'aikaci guda a tare, manhajar kan gargaɗi wanda ya zo adanawa daga baya, ta ba shi zaɓi. Mai gaggawa kan danna adanawa kawai, ya shafe gyaran abokin aikinsa. Kuskure irin wannan a ranar haihuwa ko ranar kama aiki kan kwanta shekaru, sai lokacin ritaya ya farka.

A rubuce, Microsoft ya ƙayyade cewa mutum 255 na iya shiga a tare, fayil kuma ba zai wuce gigabayit 2 ba. A aikace, nauyi da tsaiko kan bayyana tun ba a kai ko kusa da wannan adadi ba.

Mataki na farko na gyara shi ne raba rumbun gida biyu, kuma Access na ɗauke da kayan yin hakan. Jadawalin bayanai zalla su zauna a wuri guda, sannan kowane ma'aikaci ya samu nasa kwafin fom-fom da rahotanni a kan kwamfutarsa. Hakan na rage zirga-zirga a layin sadarwa, idan kwafin mutum ɗaya ya lalace kuma, sauran na ci gaba da aiki.

Na biyu, a haɗa kwamfutocin da waya maimakon Wi-Fi, a kuma sa wa kowacce batirin ko-ta-kwana na UPS, musamman wadda ke riƙe da bayanan. Kada a ajiye rumbun da ake aiki da shi a OneDrive ko Dropbox, domin waɗannan kan kwafi fayil ne ɗungurungum, a wayi gari da kwafi biyu masu saɓa wa juna. Na uku, a riƙa ɗaukar kwafin ajiya kullum bayan kowa ya fita, a ajiye shi a wata na'ura dabam, a kuma gwada buɗe shi lokaci-lokaci. Umarnin Compact and Repair, mai tsuke fayil da gyara ƙananan lahani, shi ma sai babu kowa a ciki ake yin sa.

Saura batun sirri. Tsarin fayil da ya zo da Access 2007 ya daina raba izini mutum-mutum. Kalmar sirri ɗaya ce ga fayil baki ɗaya, duk wanda ya iya buɗe foldar kuma zai iya kwashe shi a filashi. Tun da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta fara aiki a watan Yunin 2023, hukumar da ke riƙe da bayanan mutane na da alhakin tsare su, ofisoshin gwamnati ma ba a cire su ba.

Idan masu amfani suka yawaita, ko aka buƙaci ofisoshin jihohi su shiga, lokacin ƙaura ya yi. Ana iya mayar da jadawalin zuwa SQL Server ko PostgreSQL, a bar wa ma'aikata fom-fom ɗin Access da suka saba da su.

Kafin nan, akwai tambayoyi biyu da ya kamata kowane darakta ya yi wa sashensa a makon nan: wane ne ke da alhakin wannan fayil a rubuce, kuma yaushe aka yi gwajin buɗe kwafin ajiyarsa na ƙarshe?